Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu sabunta mana lasisi: ɗa'ar aiki a ɗakin jarirai ba karatun sau ɗaya ba ce

Zuwa ga shugabannin hukumomin da ke yi wa likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi rajista, da ƙungiyoyin likitocin yara, da masu tafiyar da asibitocin da ake kwantar da jarirai marasa lafiya.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma mafi yawan shekarun aikina a tsakanin kwalaben bakwaini da ƙarar na'urori na yi su. Duk lokacin da sabunta lasisi ya zagayo, nakan kawo muku takardun bitocin da na halarta: yadda ake farfaɗo da jaririn da ya fito bai yi kuka ba, yadda ake hana cuta yaɗuwa daga gado zuwa gado, yadda ake lissafin magani gwargwadon nauyin jariri. Ban raina ko ɗaya ba, domin da su na ga rayuka sun tsira. Amma abin da ke hana ni barci ba ya cikin waɗannan takardu, kuma ba ku taɓa tambayata shi ba.

Wani dare, wajen ƙarfe uku, muna da jaririn da aka haifa a mako na 25 na ciki. Hoton kansa ya nuna jini ya zuba sosai a ƙwaƙwalwa, ta ɓangarorin biyu. Likitan da ke kan aiki ya yi wa mahaifinsa bayani. Bai ɓoye komai ba, sai dai da kalmomin littafi ya yi maganar, yana tsaye, kuma kafin ya rufe baki aka kira shi ɗakin haihuwa. Mahaifin ya daɗe yana kallon kwalbar. Can ya juyo ya ce da ni, "Sista, don Allah ki faɗa mini gaskiya. Da ɗanki ne, me za ki yi?"

Na ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, sai likita ya dawo."

Ya gyaɗa kai, ya gode mini. Ni kuwa na san ba amsa na ba shi ba, gudu na yi. A daren nan na iya sa wa jaririn nan allura a jijiyar da ba ta kai zare kauri ba, amma ban iya zama minti biyar da mahaifinsa ba. Na farkon an koya mini, an maimaita, an gwada ni a kai. Na biyun an bar ni da shi ni kaɗai.

Ba wai ba a taɓa ambata mana ɗa'ar aiki ba. An yi mana ita a makaranta, 'yan sa'o'i a farkon karatu. Muka haddace ginshiƙai huɗun da kowa ya sani: mutunta zaɓin marar lafiya, yi masa abin da zai amfane shi, kauce wa cutar da shi, da yin adalci. Muka rubuta jarrabawa, muka wuce. Amma wannan karatu an gina shi ne a kan babban mutum mai baki. Babba ko ya suma, akwai 'yan'uwan da za su ce, "Ya taɓa gaya mana ba ya son kaza." Jariri ba shi da jiya. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da yake so ba. Masu magana da yawunsa su ne uwar da wataƙila ba ta gama farfaɗowa daga tiyata ba, da uban da tsoro ya cika masa ciki, sai mu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 3, ta ce a duba maslahar yaro a duk abin da ya shafe shi. Da kyau. To, mece ce maslahar jaririn da nauyinsa bai kai giram 700 ba, wanda za a iya riƙe numfashinsa da na'ura tsawon makonni, ba tare da kowa ya iya rantsewa kan abin da zai biyo baya ba? Wannan ba tambayar da ake amsawa sau ɗaya a ajin shekarar farko ba ce.

Kuma ba ƙaramin al'amari ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai miliyan 2.3 suka rasu a cikin kwana 28 na farkon rayuwarsu a 2022, kusan rabin duk yaran da suka rasu kafin cika shekara biyar. A 2020 an haifi kimanin bakwaini miliyan 13.4. A gefen gadon da yawa daga cikinsu akwai wani ma'aikaci da aka yi wa irin tambayar da aka yi mini.

Abin da ya fi ba ni tsoro a tarihin aikinmu shi ne, manyan kurakuran da aka yi wa jarirai ba mugaye suka yi su ba. Mutanen kirki ne, masu ƙwazo, waɗanda suka sakankance da abin da malamansu suka koya musu.

Ku tuna da maganar zafi. Har zuwa tsakiyar shekarun 1980, a manyan asibitocin duniya ana yi wa bakwaini tiyata da maganin da ke sandarar da jiki kawai, ba tare da isasshen maganin kashe zafi ba, wani lokaci ma babu shi sam. Dalilin da ake bayarwa shi ne jijiyoyin jariri ba su nuna ba, ba ya jin zafi kamar babba, ko ya ji ba zai tuna ba, kuma maganin barci na iya kashe shi. A 1985 wata uwa a Amurka ta gano cewa haka aka buɗe ƙirjin ɗanta bakwaini, yana farke, ba ya iya motsi, ba ya iya kuka. Yaron ya rasu bayan wasu makonni. Ba ta yi shiru ba. A 1987 binciken Dakta Anand da abokan aikinsa ya nuna cewa jariran da aka ba maganin kashe zafi mai ƙarfi lokacin tiyata jikinsu ya fi samun natsuwa, kuma matsalolin bayan tiyata sun ragu. A shekarar ce ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito ta ce bai halatta a ci gaba da tsohuwar hanya ba. Ku dubi shekarun nan da kyau. Ba zamanin kaka da kakanni ba ne. Akwai waɗanda suka koyi aiki a wancan lokaci, kuma su suka koyar da waɗanda ke koyarwa yau. Nakan tambayi kaina, ma'aikatan jinya nawa ne suka tsaya a gefen teburin tiyata suna kallon bugun zuciyar jariri yana tashi, zuciyarsu na gaya musu wani abu ba daidai ba ne, amma ba su da wurin da za su faɗe shi? Har yau kuma ana huda diddigen jariri sau da yawa a yini ba tare da an sa shi a nono ko a ƙirjin uwarsa ba, alhali an san hakan na rage masa zafi, kuma ba ya cin ko sisi.

Haka labarin iskar oksijin. A shekarun 1940 zuwa farkon 1950 an riƙa cika kwalaben bakwaini da ita da kyakkyawar niyya, sai ga yara kimanin 10,000 sun makance. Da aka gane, aka koma ɗaya gefen aka matse ta, makanta ta ragu, mutuwa da lalurar ƙwaƙwalwa suka ƙaru. Fiye da shekara hamsin bayan haka ba a gama warware maganar ba. Wani babban bincike a Amurka da ya ƙunshi bakwaini sama da 1,300, wanda aka buga sakamakonsa a 2010, ya gwada matakin oksijin na ƙasa da na sama. Waɗanda ke ƙasa idanunsu sun fi tsira, amma sun fi mutuwa. A 2013 ofishin gwamnati mai kare mutanen da ake bincike a kansu ya ce takardun da iyaye suka sa wa hannu ba su bayyana haɗarin yadda ya kamata ba. Masana suka rabu biyu, aka yi ta muhawara mai zafi. Idan waɗanda suka tsara binciken, da dukkan iliminsu da kwamitocinsu, za su iya saɓani kan abin da ya isa a gaya wa uwa kafin ta sa hannu, ina ga ƙaramin likitan da aka miƙa wa takarda tsakar dare aka ce ya je ya karɓo amincewa?

Sannan iyakar kanta ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A 1963 ɗan shugaban Amurka John Kennedy ya zo duniya saura mako biyar da 'yan kwanaki cikinsa ya cika, huhunsa bai nuna ba, ya rasu kafin ya cika kwana biyu. Duk ikon mahaifinsa bai samar masa abin da babu shi a lokacin ba. Irin wannan jariri a yau, a ɗakin da ke da kayan aiki, kusan ba a ɗaukarsa a mai haɗari sosai. A 2006 majalisar Nuffield ta Birtaniya, mai nazarin ɗa'ar aikin lafiya, ta ba da shawarar cewa a mako na 22 ba a saba farfaɗo da jariri ba sai iyaye sun nema bayan cikakken bayani. A 2019 ƙungiyar masu kula da lafiyar jarirai ta ƙasar ta sake tsarin, ta ce daga mako na 22 a auna kowane jariri da halinsa, ba da lissafin makonni kaɗai ba. Shekara goma sha uku kacal. Wanda ya gama karatu kafin wannan sauyi, kuma ba a sake zaunar da shi ba, yana nan yana gaya wa iyaye "babu abin yi" da gaskiyar da ta tsufa.

Amma kada a ɗauka ina cewa a kwaso abin da ake yi a wani wuri a dasa ko'ina. Wannan ma kuskure ne, kuma ya ci rayuka. Sanyaya jikin jaririn da ya sha wahalar haihuwa har ƙwaƙwalwarsa ta rasa iska ya tabbata yana taimakawa a ƙasashe masu wadata. Da aka gwada shi a kan jarirai 408 a Indiya da Siri Lanka da Bangaladash, sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna waɗanda aka sanyaya sun fi mutuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likitan da ya ce wa iyaye "akwai dama" alhali ya san ɗakinsa ba shi da maganin buɗe huhu, ba shi da na'urar numfashi, wuta ma tana iya ɗaukewa, bai yi musu adalci ba. Wanda kuma ya yi saurin sallamawa saboda ya saba ganin irin waɗannan jarirai suna mutuwa, shi ma bai yi ba. Gane inda gaskiya take a tsakani, a ɗakinka, da kayan da ke hannunka a wannan shekara, aiki ne da ake sabuntawa.

Akwai kuma abin da muke ɗauke da shi a zuci game da naƙasa, wanda ba ma so a taɓa. A 1982 a jihar Indiyana ta Amurka an haifi yaro mai lalurar Down, wadda ake haihuwar mutum da ita tana jinkirta masa girma da fahimta, maƙogwaronsa na abinci bai haɗu da ciki ba, matsalar da tiyata ke gyarawa. Bisa shawarar wani likita iyayen suka ƙi tiyatar, kotu ta goyi bayansu, yaron ya rasu yana da kwana shida. Da ba shi da lalurar Down da ba wanda zai yi jinkiri. Wannan ya kai ga sauya dokar Amurka a 1984. A yau ma nakan ji ana cewa wani jariri "ba mai rayuwa ba ne" tun kafin a gama auna shi, kuma da zarar kalmar ta shiga fayil, sai ka ga hannaye sun yi sanyi a kansa. Wasu lalurorin da a da ake yi wa wannan hukunci kai tsaye, kamar wadda ake kira tirisomi 18, yanzu an san akwai yaran da ke kai watanni har shekaru da su. Ba ina nufin a yi wa kowane jariri kowace irin tiyata ba. Na ga jariran da muka tsawaita wa wahala ba don komai ba sai don ba wanda ya iya buɗe baki ya ce ya isa. Ina nufin ma'aikaci ya san lokacin da ilimi ke magana a bakinsa, da lokacin da son ransa ne ya ari rigar ilimi.

Sauran kuwa kullum muna cikinsu, ba sai na tsawaita ba. Jarirai uku, na'urar taimakon numfashi biyu. Iyayen da kuɗi ya ƙare musu suka ce za su tafi da ɗansu, mu kuma muka miƙa musu takarda su sa hannu, takardar da ke kare asibiti ba jaririn ba. Uwa da uba da suka saɓa. Dangin da suka ce kada a gaya wa mai jego. Hoton jariri da aka ɗauka da waya don neman shawarar babban likita, ya kwana a WhatsApp. Kuskuren magani da aka yi, da tambayar ko za a faɗa wa iyaye.

Ranku ya daɗe, ku dubi abin da wannan ke yi wa ma'aikatanku. Tun 1984 wani masani mai suna Andrew Jameton ya ba abin suna: ƙuncin wanda ya san abin da ya dace amma aka ɗaure masa hannu. Mu ma'aikatan jinya mu muka fi saninsa, domin likita yakan zo zagaye ya wuce, mu ne ke tsaye sa'a goma sha biyu muna zuƙe majinar jaririn da muke ganin ana wahalar da shi, ko muna kallon wanda muke ganin an yi saurin cire rai da shi. Na ga ƙwararrun abokan aiki sun nemi a sauya musu ɗaki. Na ga wasu sun zauna, amma zuciyarsu ta bushe, suna yi wa uwa tsawa don ta tambayi abu sau biyu. Waɗannan na biyun sun fi ba ni tausayi, domin na san su lokacin da suke kuka a bayan ƙofa.

Na san abin da za a ce. Za a ce ma'aikata ba su isa ba, ina lokacin zama? Za a ce tausayi da gaskiya tarbiyya ce, ba a koyar da su a aji. Na yarda ba za a dasa wa mutum zuciya ba. Amma yadda ake faɗa wa uwa cewa ɗanta ba zai tashi ba, ƙwarewa ce kamar sa allura: ka nemi wuri, ka zauna, ka kira jaririn da sunansa idan yana da shi, ka tambayi abin da ta riga ta fahimta, ka faɗi kalmar mutuwa a fili ba tare da kewaye-kewaye ba, sannan ka yi shiru ka jure shirun. Ana koyon wannan, ana gwadawa, ana gyara wa mutum. Lokacin da ake cewa babu kuwa, muna biyansa ta wata hanya: a rigimar da ke tashi da iyaye, a ƙarar da ake kai asibiti, a ma'aikacin da ya ajiye aiki aka rasa madadinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da nake roƙo shi ne ku sa ɗa'ar aikin jarirai cikin sharuɗɗan sabunta lasisin duk wanda ke taɓa jariri marar lafiya, daga babban likita har zuwa sabuwar ungozoma. Amma ina haɗa ku da Allah kada ku mayar da shi wata takardar da ake samu ta latsa kwamfuta minti ashirin. Idan haka za a yi, gara a bari. Abin da na ga yana aiki shi ne zama na sa'a ɗaya a wata, a cikin lokacin aiki ba ranar hutun mutum ba, a ɗauko jariri guda da ya wahalar da mu a ɗakinmu, a ɓoye sunansa, a baje maganarsa. A irin wannan zama ƙarami ya kamata ya fara magana, domin idan babban likita ya riga ya faɗi ra'ayinsa, kowa gyaɗa kai zai yi. Kuma a tabbatar wa ma'aikaciyar da ta ce "ban yarda da abin da muka yi ba" cewa ba za ta ga sakayya a jadawalin aiki ko a takardar ƙarin girma ba.

A kawo iyaye su koyar da mu. Ba ina nufin a cikin zafin rashi ba. Bayan lokaci ya ja, akwai waɗanda ke son faɗin abin da ya taimake su da abin da ya ƙona musu rai. Uwa ce ta tilasta wa duniyar likitanci ta sake duba maganar zafi. Uwaye ne kuma muka daɗe muna tsayarwa a bayan gilashi da sunan kare jariri, har bincike a ƙasashe biyar ya nuna a 2021 cewa ɗora ƙaramin jariri a ƙirjin uwarsa nan take, tun kafin ya daidaita, ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta mayar da shi shawararta a 2022. Sau nawa suka roƙe mu su taɓa 'ya'yansu muka ce su jira?

A koya mana kula da jaririn da ba zai rayu ba. Cire na'ura ba janye hannu ba ne. Akwai maganin zafi, akwai ɗumi, akwai labulen da za a ja, akwai uwar da ya kamata ta rungumi ɗanta yana da rai, ba a miƙo mata shi a naɗe ba. Kwamitin ɗa'a na asibiti kuma ya zama yana da lambar da ake kira cikin dare, domin waɗannan tambayoyi ba sa jiran ranar taro. Kuɗin wannan bita ya fito daga gare ku da asibitoci. Kada a bar wa kamfanin madarar gwangwani ko na magani ya ɗauki nauyinsa. Tun 1981 aka yi ƙa'idar duniya kan tallar madarar jarirai saboda an san yadda kyauta ke karkata hannun ma'aikaci.

Tambayar mahaifin nan an sake yi mini ita sau da yawa. Wata babbar sista da na yi aiki a ƙarƙashinta ce ta koya mini abin yi, ba a aji ba, a tsaye wajen wanke hannu. Ta ce in jawo kujera. In ce masa ɗana ba ɗansa ba ne, amma ba zan bar shi ya ɗauki kayan nan shi kaɗai ba. In tambaye shi abin da yake fata da abin da ya fi tsoro, in saurara, sannan idan har yana son jin ra'ayina, in faɗa masa da dalilina, in kuma kira likita mu zauna mu uku. Sa'a na yi da na haɗu da ita. Ta yi ritaya yanzu, kuma a ɗakinmu akwai sababbin ma'aikatan da za su kama aikin dare a wannan makon ba su taɓa jin wannan ba.

Ina roƙon ku sa maganar nan a ajandar zamanku na gaba kan sharuɗɗan sabunta lasisi, ku kuma gayyaci masu aikin dare da iyayen da suka bi ta ɗakinmu su zauna tare da ku ranar da za ku tattauna ta.

Na gode da kuka karanta.

Taku cikin girmamawa,
Ma'aikaciyar jinya a ɗakin jarirai marasa lafiya